Ƙarfen Babbar Wuƙar Sara: Amsa Ga Mai Shirin Ƙera Tasa

Wani matashi mai aikin walda, wanda yake ɗan taɓa ƙira a gefe, ya aiko mini da tambaya cewa yana so ya ƙera wa kansa babbar wuƙa mai tsawon ruwa kamar santimita 30, wadda zai riƙa shiga daji da ita yana sare rassa, yana faskara ƙananan itatuwan girki, yana kuma gyara shingen gona. Ya ce wani mai sayar da wuƙaƙe ya nuna masa wata da aka buga wa lamba D2, ya tabbatar masa babu ƙarfen da ya kai shi riƙe kaifi, alhali kawunsa, wanda ya tsufa a maƙera, ya ce masa ya daina wahalar da kansa ya je ya nemi sifirin ɗin tsohuwar mota. Yana so ya san maganar wanda zai ɗauka a cikinsu.

Malam, kawunka ya fi kusa da gaskiya, ko da yake mai sayar da wuƙar ma yana da 'yar gaskiyarsa. D2 yana riƙe kaifi ƙwarai, amma riƙe kaifi ba shi ne abu na farko da ake nema a wuƙar sara ba. Wuƙar da ake yanka tumatir ko feɗe akuya da ita gogayya ce take cinye mata baki a hankali, don haka ƙarfen da ya fi jure gogayya shi ya fi dacewa da ita. Wuƙar sara kuwa duka take sha. Duk lokacin da ka ɗaga hannu ka sauke ta a kan busasshen reshen marke, nauyinta da ƙarfin damtsenka duka suna taruwa a wani siririn wuri da bai kai faɗin farce ba, kuma sau da yawa ba a miƙe take shiga itacen ba, tana ɗan karkacewa, ga shi idan ta maƙale kana murɗa ta kafin ta fito. Abin da yake kashe irin wannan wuƙa shi ne giɓi a baki ko karyewa a tsakiya, kuma duka biyun daga gautsi suke zuwa. Saboda haka tambayar da ya kamata ka fara yi wa kowane ƙarfe ita ce yawan dukan da zai jure kafin ya tsage.

Domin ka fahimci lambobin da ake bugawa a jikin ƙarafa, ka riƙe cewa abin da yake sa baƙin ƙarfe ya taurara idan an gasa shi an tsoma a mai shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. A tsarin lambobi na Amurka, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a harkar wuƙaƙe, alƙaluma biyu na ƙarshe suna nuna yawan kabon ɗin: 1055 yana da kusan kashi 0.55 cikin ɗari, 1075 yana da kusan 0.75, 1095 kuma kusan 0.95. Alƙaluma biyu na farko suna nuna dangin ƙarfen. 10 yana nufin ba a ƙara masa wani abin kirki ba sai ɗan manganis, 51 kuma yana nufin an sa masa kuromiyom kaɗan. Ƙarfen da kabon ɗinsa ya gaza kashi 0.4 ba ya yin taurin da zai riƙe bakin wuƙa, shi ya sa yawancin rodin gini da falankin da kuke yin ƙofa da shi ba su da amfani a nan. Da zarar kabon ya kai wajen 0.6, ƙarfen ya riga ya iya kai wa duk taurin da wuƙar sara take buƙata. Idan ya haura wajen 0.8, rarar da ta rage ba ta ƙara wani tauri mai yawa, sai dai ta dunƙule ta zama ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen, waɗanda masana suke kira kabayid.

A kan waɗannan ƙwayoyi ne maganar D2 take tsayawa. Ka ɗauke su kamar tsakuwa a cikin kankare: idan ƙanana ne kuma ba su da yawa, suna taimaka wa ƙarfen ya jure gogayya, amma idan suka yi girma suka yi yawa, kowace ɗaya tana zama wurin da tsaga za ta iya farawa. D2 yana da kabon kusan kashi 1.5 da kuromiyom kusan kashi 12, kuma haɗuwar waɗannan biyun tana haifar da manyan ƙwayoyi masu yawa, har ana ganinsu sarai da madubin ƙara girma. An yi shi ne tun asali don injinan masana'anta masu huda da yanke falankin ƙarfe, inda bakin yake da kauri kuma gogayya ce babbar matsala. A ƙaramar wuƙar aljihu yana aiki da kyau. A ruwan wuƙa mai santimita 30 da za a sauke a kan ƙullin itacen ƙirya kuwa, za ka wayi gari ka ga bakin ya zama kamar haƙoran zarto, kuma idan ka zo gyara shi da magagari a gona, magagarin zai riƙa zamewa yana ƙin ci. Wannan hukunci ya hau kan 440C ma, mai kabon kusan kashi 1 da kuromiyom kusan 17, wanda ake yawan bugawa a jikin manyan wuƙaƙe masu ƙyalli. Ban ma shiga maganar cewa lambar da aka buga a jikin wuƙa mai araha ba hujja ba ce ta abin da ke cikinta, domin buga lamba ba ya cin kuɗi.

Idan ka dubi mutanen da rayuwarsu ta dogara ga sara, za ka ga duk sun taru a wuri ɗaya ba tare da sun yi shawara ba. Maƙeran ƙasar Nefal suna ƙera wuƙarsu mai lanƙwasa, kukri, da sifirin ɗin manyan motoci. Haka ake yin parang a Malesiya da golok a Indunisiya da bolo a Filifin. Kamfanin Tramontina na Brazil yana yin addunansa da 1070, kamfanin Cold Steel na Amurka yana yin nasa da 1055, kamfanin Condor na El Salbado kuma ya daɗe yana amfani da 1075 a manyan wuƙaƙensa. Addar nan mai tambarin kada da manoman Afirka ta Yamma suka sani, wadda asalinta na kamfanin Martindale ne na Birmingham a Ingila, ita ma baƙin ƙarfe ce mai tsatsa wadda magagari yake ci. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya nufi ƙarfe mai kabon 1.5.

Ƙarfen da zan zaɓa maka, idan za ka iya samun sabo mai takarda, shi ne 5160. Kabon ɗinsa kusan kashi 0.6 ne, kuromiyom ɗinsa bai kai kashi 1 ba, wanda bai isa ya hana tsatsa ba amma ya isa ya sa ƙarfen ya taurara har cikinsa ko da a mai aka tsoma shi, kuma ba ya buƙatar gaggawa irin ta 1095. Wannan sauƙin hali yana da muhimmanci ga mai aiki da gawayi da zuga-zugi, wanda ba shi da na'urar auna zafi. Bayansa sai 80CrV2, mai kabon kusan 0.8 da ɗan kuromiyom da ɗan banadiyom. Banadiyom ɗin yana hana ƙwayar ƙarfen kumbura idan zafi ya ɗan zarce, kuma bakinsa yana ɗan fin na 5160 daɗewa. 1075 da 1084 ma ba su da laifi. Akwai 15N20, ƙarfen zarton injin tsaga katako mai nikel kusan kashi 2, wanda juriyarsa take da ban mamaki, sai dai yawanci siriri ake samunsa, ya fi dacewa da adda fiye da wuƙa mai kauri.

Shi kuwa 1095, wanda sunansa ya fi kowanne yawo a bakin masu sha'awar wuƙa, ba na ba da shawararsa ga mai farawa. Yana buƙatar a sanyaya shi cikin kusan daƙiƙa ɗaya kafin ya taurara sosai, abin da yake tura mutane su tsoma shi a ruwa, ruwa kuma yana tsaga dogon ruwan wuƙa. Gaskiya ne an daɗe ana yin addar sojan Amurka mai inci 18 da shi, amma ana sassauta masa tauri ne sosai kafin ya jure aikin, kuma idan har za a sassauta shi haka, to ƙarin kabon ɗin bai saya maka wani abin a zo a gani ba.

Akwai ƙarafa masu tsada da suka haɗa juriya da riƙe kaifi, kuma adalci ne in ambace su. Shahararre a cikinsu shi ne CPM 3V, mai kabon 0.8, kuromiyom 7.5 da banadiyom 2.75, wanda ake yi daga garin ƙarfe da aka matse da zafi domin ƙwayoyin kabayid su kasance ƙanana. Ƙarfe ne na gaske, amma sai an kai shi zafin da ya haura digiri 1,000 na ma'aunin Celsius a tanda mai lantarki, an riƙe shi a can na adadin mintuna sananne, sannan a gasa shi sau biyu ko uku a ma'aunin da ba ya kuskure. A wutar gawayi ɓarnar kuɗi kawai za ka yi. Idan kuma tsatsa ce damuwarka, misali kana aiki a fadama ko bakin kogi, to a cikin ƙarafa marasa tsatsa ka nemi masu ƙarancin kabon irin su 420HC, AEB-L ko 14C28N, waɗanda ƙwayoyinsu ƙanana ne kuma suna jure duka, amma su ma sai tanda. Ga mai maƙera ta gargajiya, maganin tsatsa shi ne tsumma da ɗan man ja ko man kaɗanya bayan an tashi daga aiki, musamman da damina.

Yanzu sai maganar sifirin, domin na san a ƙarshe wurin 'yan gwangwan za ka nufa, ko a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko duk inda ya fi kusa da kai. Mutane suna cewa sifirin ɗin mota 5160 ne, amma ba kullum ba. Motocin Japan da yawa suna amfani da SUP9, wanda ɗan'uwan 5160 ne na kusa. Na Turai sukan zo da 51CrV4. Wasu kuma 9260 ne mai silikon kusan kashi 2. Abin farin ciki shi ne dukkansu kabon ɗinsu yana tsakanin 0.5 da 0.65, dukkansu mai suke so ba ruwa ba, kuma dukkansu suna yin wuƙar sara mai kyau. Haɗarin yana wani wuri dabam. Sifirin ɗin da ya yi shekara ashirin a ƙarƙashin motar da take ɗaukar lodin da ya fi ƙarfinta a kan hanya mai ramuka ya lanƙwashe ya miƙe sau miliyoyi, kuma yana iya ɗauke da tsaga siririya kamar gashi wadda ido ba ya gani sai bayan ka gama wahalar ƙira. Kada ka sayi wanda ya riga ya karye, domin abin da ya karya shi yana nan a sauran jikinsa. Ka guji wurin da ramin ƙusa yake a tsakiya da wuraren da tsatsa ta ci ta yi rami. Ka goge guntun da ka zaɓa da giranda har ya yi fari, ka shafa masa kananzir, ka share, sannan ka barbaɗa garin alli. Idan akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana layi a kan allin.

Kafin ka ƙera komai, ka yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa ka gwada shi. Ka buge shi ya yi faɗi, kaurinsa ya dawo kamar milimita 4, ka gasa, ka tsoma a mai, sannan ka goga masa magagari. Idan magagarin ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ƙarfen ya taurara. Daga nan ka ɗora shi a gefen uwar maƙera, ka rufe shi da tsumma saboda idanunka, ka buge shi da masaba ya karye, ka dubi wurin karayar. Idan ya fito sumul, launin toka, kamar garin siminti, zafinka ya yi daidai. Idan ka ga ƙwayoyi masu walƙiya kamar sukari, ka ƙona shi, kuma wuƙar da aka yi wa haka za ta yi gautsi ko da wane irin ƙarfe ne. Wannan gwaji na rabin awa ya fi duk abin da mai sayarwa zai faɗa maka.

Horon da ƙarfe yake samu a wuta ya fi sunansa tasiri, kuma a nan ne yawancin wuƙaƙe suke lalacewa tun kafin su taɓa itace. Bayan ka gama bugu, ka mayar da ruwan wuƙar wuta sau biyu ko uku, kowane karo ka kai shi ja ka bar shi ya huce a iska, domin ƙwayar ƙarfen ta koma ƙarama kuma gajiyar bugu ta fita. Lokacin taurarawa ka riƙe mayen ƙarfe a kusa: baƙin ƙarfe yana daina kama shi a digiri 770, shi kuma 5160 yana son kusan digiri 830, wato ka ƙara masa ɗan ja kaɗan bayan mayen ya saki. Ka yi wannan aiki da magariba ko a cikin inuwa mai duhu, domin a hasken rana ƙarfen da yake kama da ja ya riga ya wuce inda kake so. Gawayin ƙirya, wanda maƙeranmu suka fi so tun da can, yana ba da wuta mai ƙarfi, don haka da dogon ruwan wuƙa sai ka riƙa jan shi gaba da baya a cikin garwashin don kada tsinin ya ƙone kafin gindin ya yi ja. Man gyaɗa da aka ɗan ɗumama, yadda yatsa zai iya taɓawa da ƙyar, ya fi baƙin man mota, wanda hayaƙinsa yake da guba kuma kowane galan da halinsa. Ka tsoma wuƙar a miƙe, baki ko tsini a gaba, kada ka kaɗa ta gefe da gefe, in ba haka ba za ta fito a karkace.

Na taɓa yin gangancin tsoma wata babbar wuƙa ta sifirin a bokitin ruwa, a shekarun da nake ganin mai ɓata lokaci ne. Kwana biyu na yi ina bugunta. Tana shiga ruwan na ji wani ɗan sauti, ƙas, a hannun awartaki kafin ma kunnena ya ji, da na ciro ta sai ga tsaga uku sun taso daga baki sun nufi baya. Maƙeran Nefal suna amfani da ruwa, amma ba tsomawa suke yi ba: daga buta suke zuba shi a kan bakin kaɗai, su bar bayan ya huce a hankali, kuma hannun da yake yin haka ya yi shekaru yana koyo.

Wuƙar da ta fito daga mai tana da tauri kamar gilashi da gautsi kamar gilashi, kuma kada ka bari ta kwana a haka. Dole a mayar da ita zafi kaɗan don a rage gautsin. Idan akwai tandar gasa burodi ko kek mai ma'auni a kusa da kai, ka sa ta a digiri 200 na awa biyu, ka bari ta huce, ka sake maimaitawa. Wannan zai bar 5160 a wajen 57 zuwa 59 a ma'aunin Rockwell, wanda ake samu ta hanyar danna tsinin lu'ulu'u a jikin ƙarfe da nauyin kilo 150 a auna zurfin ramin, kuma nan ne nake son wuƙa mai kauri irin taka ta tsaya. Doguwar adda siririya kuwa, mai kaurin milimita 2 ko 3, wadda take sara kusa da ƙasa tana cin karo da dutse, gara a bar ta ƙasa da haka, wajen 50 zuwa 54, domin bakin da ya lanƙwashe magagari yana miƙar da shi cikin minti biyu, wanda ya ɓalle kuwa sai an cinye ƙarfe mai yawa. Idan babu tanda, ka goge ruwan wuƙar ya yi fari, ka gasa wani ƙaton ƙarfe ya yi ja, ka ɗora bayan wuƙar a kansa bakin yana sama, ka zuba ido. Launi zai riƙa tafiya daga baya zuwa baki: da farko ruwan busasshiyar ciyawa, sannan ruwan ƙasa, sannan shunayya, sannan shuɗi. Da bakin ya kai ruwan ciyawa mai duhu, ka ɗauke ka sanyaya, ka sake gogewa ka maimaita. Bayan zai yi shuɗi ya yi laushi, bakin ya tsaya da taurinsa.

Ko ƙarfen da ya fi kowanne juriya zai yi giɓi idan aka sirance bakinsa kamar aska. Ga wuƙa mai santimita 30, kaurin baya na milimita 5 zuwa 6 ya isa. Fiye da haka hannu ne zai gaji, kuma wuƙar za ta riƙa tsalle daga itace maimakon ta shige. Ka wasa bakin da kusurwa kamar digiri 20 a kowane gefe, ka ba shi ɗan tudu irin na gatari, yadda akwai nama a bayan kaifin da zai tallafe shi, kuma tudun yana ture ɓawon itacen gefe ya hana wuƙar maƙalewa. Idan aikinka ya fi yawa a busassun itatuwa masu tauri irin su ƙirya, marke da bagaruwa, musamman da hunturu lokacin da suka bushe ƙayau, ko kuma za ka riƙa sara ƙashi da ita ranar layya, ka ƙara kusurwar ta kai 25. Da yake kai mai walda ne, hannunka zai so ya kai ga giranda, to ka sani bayan an taurara wuƙa, duk inda giranda ta sa bakin ya yi shuɗi ya riga ya rasa taurinsa. Ka riƙa tsoma ta a ruwa bayan kowace shafa, ka ƙarasa da magagari da dutse. Kada kuma ka yi waldar wutsiyar da za ta shiga ƙota. Ka fitar da ita daga jikin ƙarfen, mai faɗi, kuma inda ta haɗu da ruwan wuƙar ka zagaye kafaɗun kada ka bar kusurwa mai kaifi, domin daga irin wannan lungu ne manyan wuƙaƙe suka fi karyewa.

Kafin ka ɓata lokaci wajen sassaƙa ƙota da ɗinka kube, ka naɗe wutsiyar da tsumma da robar taya, ka sami busasshen reshen marke mai kaurin damtse, ka sare shi gida biyu, ka sake sara a kan ƙulli da gangan. Sannan ka bi bakin da farcen babban yatsa a hankali daga gindi zuwa tsini. Idan farcen ya ji ƙananan giɓi, tauri ya yi yawa, sai ka mayar da ita tanda ka ƙara digiri 15. Idan bakin ya kwanta gefe ɗaya ya yi laushi, ko dai bai taurara ba tun farko, ko kuma fatar waje ce da wuta ta cinye wa kabon. Ka wasa shi sau biyu ka sake gwadawa, in har bai canza ba sai a koma wuta daga farko. Idan kuwa farcen ya wuce sumul kuma bakin yana iya feƙe ɗanyen reshen darbejiya, ka kai wa kawunka ya duba, sannan ka sa mata ƙota.